Dankalin Inno

Duk irin shukar da ya shiga kwalba ya yi ban kwana da asara har abada. Wannan ba ra'ayi ba ne, kimiyya ce, kuma Dokta Kamilu ne ya faɗe ta da bakinsa, a gaban manyan baƙi, ranar da aka buɗe ɗakin renon tsirrai na cibiyarsa a Gusau. Ya ce fari ba ya shiga kwalba, ƙwaro ba ya shiga, akuya ma ba ta shiga. Ya ce kakanninmu sun yi ta ajiyar iri a rumbu da bakin rijiya suna kwana da fargaba, amma daga yau manomin Zamfara zai yi barci har da minshari. Aka tafa. Wani mai babbar riga a layin gaba, wanda tuni ya fara aiki da shawarar barcin, ya farka ya taya tafi.

Rifkatu Elisha ba ta ji jawabin ba sai daga baya, a wayar wata abokiyar aiki. A lokacin tana bayan rumfa tana rabon shinkafa a robobi, domin a cibiyar an fahimci cewa mace mai digiri a kimiyyar tsirrai ita ta fi cancanta ta san wanda zai samu cinya da wanda zai samu fiffike. A sauran ranaku kuwa, ita ce mai aikin kwalaben.

Aikin ba shi da hayaniya. A ɗauko reshen dankali a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, a yanko ɗan kan tsiron can ƙololuwa, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Nan ne kaɗai cutar da ke jikin shukar ba ta riga ta isa ba. A ɗora shi a kan wani abinci mai kama da kokon da ya kwana ya daskare, a rufe kwalbar ruf, a jera ta ƙarƙashin fitila a ɗaki mai sanyi. Yawancinsu mutuwa suke yi. Wanda ya rayu, bayan watanni, sai ya zama ɗan tsiro mai ganye, a yayyanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ba da sabon tsiro, har a tara abin da za a kai gona. Sharaɗi ɗaya ne: kada iskar waje ta shiga kwalbar. In ta shiga, fumfuna za ta riga dankalin cinye abincin, sannan ta cinye shi.

Cikin kwalaben akwai huɗu da Rifkatu kan duba kowace safiya tun kafin ta ajiye jaka. Na Inno ne, wata tsohuwa a Kwatarkwashi, mai wani dankali da ake kira mai-lalle saboda jan da ke bakin ganyensa. Fari ne a ciki, mai gari, yana shaƙe mutum in ba ruwa a kusa. A da kowa na da shi a garin. Da cuta ta kama shi, ganye ya murɗe, saiwa ta koma kamar yatsu, sai mutane suka bar shi ɗaya bayan ɗaya har ya rage Inno kaɗai. Duk rani tana rayar da yaɗonsa a bakin rijiyar bayan gidanta da ruwan wanke-wanke, duk damina ta dasa shi a 'yan kunyoyinta.

Bayan kakar bara cibiyar ta kafa ɗakin raga a Kwatarkwashi, inda za a riƙa ajiye sabon iri mai lafiya, kuma filin da aka samu ya yi maƙwabtaka da rijiyar Inno. Dokta Kamilu ya ba da umarni a tuge duk tsohon yaɗo da ke kusa a ƙone, saboda wasu 'yan fararen ƙudaje da ke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan. Umarnin daidai ne, ko Rifkatu ba ta musa ba. Ita aka tura ta shawo kan tsohuwar, tunda haifaffiyar Tudun Wadar Gusau ce, Hausarta ta Zamfara ce duk da iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo. Ta yi ta sintiri tana bayani: an riga an yanki kan tsiron, yana kwalba, za a wanke shi daga cuta a dawo da shi. Inno ta saurara har ƙarshe, ta yi tambaya ɗaya.

"Ke za ki riƙe shi, ko gwamnati?"

"Ni, Inno. Kafin ruwa ya zauna zan kawo miki shi da hannuna."

"To, in ke ce, a tuge."

Aka tuge, aka tone har saiwa, aka ƙone.

Abin da ya faru ranar bikin ba mugunta ba ce. An yi odar agogunan bango masu tambarin cibiya daga Kano domin manyan baƙi, direban ya ce yana Funtuwa, kuma ga dukkan alamu har yau yana Funtuwa. Dokta Kamilu mutum ne mai hannu a sake, ba zai iya kallon babban baƙo ya fita daga gidansa hannu rabbana ba. Da ya zagaya da su ɗakin renon tsirran, idonsa ya faɗa kan kwalabe huɗu masu jan bakin ganye. Sauran duk kore ne kamar ciyawa, waɗannan kuwa kamar amare. Ya sa aka ɗaura musu ƙyalle, ya miƙa wa manyan baƙi huɗu ɗaya-ɗaya, mai hoto na ɗauka.

Sai da rumfa ta watse Rifkatu ta shiga ɗakin, hannunta na warin mai, ta tarar da gurbi a kan kanta.

Dokta ya ji ba daɗi da gaske, wannan kam an shaida. Ya tambaya ko ba ta da wasu, ta ce su ke nan suka rayu, a makon ne ma za ta fara yayyanka su. Ya ce to a koma wurin tsohuwar a sake yanko wani. Ta tuna masa da wutar da aka yi a bakin rijiya, da kuma wanda ya ce a yi ta. Ya ce saiwa fa, ai dankali na tsira daga saiwa. Rifkatu ta san amsar wannan fiye da kowa, domin dankali ba ya jure ajiya, kuma na ƙarshen ma ita Rifkatun Inno ta gasa wa tun kafin azumi, ta ci da gishiri da yaji, har ta yaba. Dokta ya yi ta juya makullin mota. Da ta ce ko zai kira baƙin ya yi musu bayani, sai ya ɗago kamar ta ce ya fita titi ba hula.

"Malama Rifkatu, a garin nan aka haife ki. Kin taɓa jin an bi kyauta gida an ce a dawo da ita?"

Ya ba da shawara a kai wa tsohuwar sabon irin nan mai jan ciki, wanda ya fi yabanya, ga amfani ga ido. Inno ta taɓa ɗanɗana shi a gaban Rifkatu, ta ce in kabewa take so ta san inda ake sayarwa.

Da yamma ta kai maganar wurin mahaifinta. Baba Elisha tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya tsufa a Tudun Wada ba a taɓa jin kansa da maƙwabci ba, kuma a cewarsa sirrin shi ne ya san ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Ya ce Dokta ya yi gaskiya. Wanda ya bi kyauta, ko yaro ne sai 'yan'uwansa sun yi masa dariya, balle ita, mace, ma'aikaciya, a gidajen manya. Ya ce sunan da za ta samu ba zai tsaya a kanta ita kaɗai ba. Ya sha shayinsa har ya kusa ƙarewa, sannan ya tambaya me ainihi ta ce wa tsohuwar. Ta maimaita masa. Ya ce ai da ta ce gwamnati. Tunda kuwa ta ce ita, to ta yafa babban gyale, ta tsinki mangwaron tsakar gida ta cika kwando, kada ta shiga gidan kowa da baki kawai.

Kwalabe biyu ba su ba ta wahala ba, ta waya ma aka gama. Baƙon Abuja ya manta tasa a masauki, masu shara sun yi aikinsu. Na biyun ya bar tasa a gaban mota, a ranar bazara, ya shiga wani taron; direbansa ya ce da suka dawo abin ya koma kamar miyar kuka. Saura ta Alhaji Sahabi, babban dillalin dankali da rogo a Tsafe, da ta Malam Yahaya, tsohon hedimasta kuma shugaban ƙungiyar manoma a Bungudu.

Ta shiga motar Tsafe da hantsi, lokacin da mutane suka fi yarda da hanyar. Kowa ya yi addu'arsa, kowa ya zuba wa hanya ido. Da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gefe, Rifkatu ta sunkuya tana gyara ganyen da ta rufe mangwaro da shi, har aka wuce garin.

Alhaji ba ya gida, amma uwargidansa Hajiya Wasila ta karɓe ta hannu biyu. Aka shimfiɗa darduma, aka dama fura, aka gaisa har aka gaida mutanen Gusau da Hajiya ba ta sani ba. Rifkatu na amsawa idonta na yawo, har ya tsaya a saman kabad, tsakanin samiru da hoton Makka. Kwalbar na nan da ƙyallenta. Murfin na gefe.

Hajiya ta lura da inda take kallo, ta yi murmushin wanda ya yi aikin lada. Ta ce ai tun ranar da Alhaji ya shigo da abin ya ba ta tausayi. Abu mai rai a rufe ruf, ba iska ba ruwa, a zafin nan? Ko kaza ba a yi wa haka. Shi ya sa ta buɗe shi, kullum da safe tana ba shi ruwa da cokalin shayi, amma 'yan kwanakin nan ta ga kamar ba ya jin daɗi, ko Malama za ta duba. Rifkatu ta sauko da kwalbar. Fumfuna fara da kore ta rufe abincin kamar tuwon da aka manta a ɗaki, tsiron ya kwanta a ciki ya yi baƙi. Ta daɗe tana kallo. Ta nemi abin da za ta zargi matar da shi, ta rasa. Ba wanda ya nuna wa dankalin nan ƙauna irin ta cokalin shayi.

Da ta tsaya nan ta ce ya mutu, ta sha furarta ta tafi, da an rabu lafiya. Amma Hajiya ta tambaya me ya kawo ta Tsafe takanas, ita kuma Rifkatu ba ta iya ƙarya da sauri. Ta ba da labarin Inno da rijiya da wuta. Hajiya ta saurara, fuskarta na sauyawa a hankali.

"Wato karɓa kika zo yi."

"Hajiya, ba haka..."

"A'a, ba komai. Ɗauki abinku. Da mun san aro ne ai da mun kula."

Ta sa aka naɗe kwalbar a leda, ta haɗa mata da sabulu da turmin atamfa, domin baƙo baƙo ne ko me ya zo yi, ta raka ta har zaure da gaisuwa mai sanyi. Kafin motar ta iso Gusau, Alhaji Sahabi ya riga ya kira Dokta Kamilu ya tambaya ko cibiyar na so ya dawo da shinkafar ma.

Washegari Dokta ya kira ta ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mutumin nan shi ke gaba wajen yi wa cibiya magana a wurin manya, yanzu ga abin da ta jawo. Ya ce maganar Bungudu kada ma ta fara, a matsayinta na ma'aikaciyar cibiya. Ta ce to. Ranar Asabar ba ma'aikaciyar kowa ba ce, sai ta sake cika kwando.

Ta sami Malam Yahaya a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, da rediyo a kan cinya. Dattijo ne siriri mai farin gemu, wanda har yanzu in ya kalli mutum sai mutum ya gyara tsayuwa. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, kuma tun kafin ta zauna ta gan ta. Kwalbar na cikin alkuki kusa da taga, a kan littattafai, murfi a rufe gam. Tsiron ya yi fari-fari, ya karkata wajen haske, ganyen ƙasa sun yi rawaya. Amma kan na sama na nan da jansa.

Malam ya ce a wurin taron an ce kada a buɗe, shi kuwa ya shekara talatin yana faɗa wa yara su ji magana, ba zai fara kunnen ƙashi da furfura ba. Ya ce abin ya zama masa abokin hira, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa, limamin unguwa ma ya dawo sau biyu ya ga ko da gaske ba a ba shi ruwa. Rifkatu ta yaba. Ta yi maganar zafi, ta yi maganar tsadar taki, ta tambayi lafiyar iyali a karo na biyu. Abin da ya kawo ta ne kaɗai ba ta taɓo ba.

Shi ya taimake ta. Ya ce labarin Tsafe ya iso Bungudu tun ranar kasuwa, har da na tsohuwar. Ya ce shi dai ba zai iya mayar da kyauta ba. Mutum ya ba shi abu a bainar jama'a, an ɗauki hoto. In ya mayar, ya ce masa bai gode ba ke nan. Ita kuma bai kamata ta roƙa ba, kuma ya lura ba ta roƙa ba. A waje rediyon da ya bari na ta karanta gaishe-gaishe. Rifkatu ta fara lalubar bakin gyalenta za ta yi sallama.

"Tsaya. Ran nan a wurin taro, ba ke kika kawo mini shinkafa ba?"

"Ni ce, Baba."

"Har da cinya."

"Har da ita."

"Ban kuwa ba ki tukuici ba. Tsufa ke nan." Ya tashi ya ɗauko kwalbar da hannu biyu, ya kwance ƙyallen ya sa a aljihu. "Ga shi, ba yawa. Abin da kika yi da tukuicinki kuma ba ruwana."

Ta riƙe kwalbar a cinya har Gusau, ta rufe ta da gyale daga rana, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji shi a haƙoranta.

A ɗakin sanyi ta yayyanka tsiron. Gaɓoɓin ƙasa sun riga sun tafi, na sama kaɗan ne suka kama. Da kwalabe huɗu masu ƙarfi, da an kai wa Inno abin dasawa a kan kari. Da wannan ɗaya mai jinya, ko an yi ta yanka ana ninkawa, sai ruwa ya ɗauke kafin a samu abin fitarwa waje. Shuka ba ta san gaggawa ba. Dokta ya leƙo ta gilashi wata rana, ya ga jan bakin ganye a sababbin kwalabe, ya ji daɗi sosai. Bai sake tayar da maganar Tsafe ba. Sai dai da aka zo zaɓen wanda za a tura horo Ibadan, aka gano cewa ɗakin ba zai iya rabuwa da Rifkatu ba ko na mako ɗaya.

Ruwa ya zauna. Ta yi ta ɗaga tafiyar daga wannan Asabar zuwa waccan, har kunyar rashin zuwa ta fi ta zuwan. Ta sauka a Kwatarkwashi da safe bayan ruwan dare, dutsen ya yi baƙi yana sheƙi. Gonakin maƙwabta duk sun yi kore da sabon irin cibiya, an raba shi kaf, ɗakin raga ya zama wayam. A bayan gidan Inno kuwa kunyoyi na nan a tashe, an gyara su tsaf, ba ko tsinke a kai. Wata maƙwabciya ta ce an kawo wa Inno sabon irin har gida, ta ce a ba wani, wurin na da mai shi.

Inno ta rame. Ta yi jinya da bazara, yanzu da sanda take fitowa. Ta kalli hannuwan Rifkatu, ta ga ba komai sai waya, ta ce ta zauna tukuna ta sha ruwa. Rifkatu ta yi bayani a gajarce. Ba ta ambaci agogo ba, ba ta ambaci kowa ba. Ta ce an samu matsala, sun ragu, ba za su isa dashen bana ba. Ta buɗe hoto a wayar ta miƙa. Inno ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake kawowa.

"Wanga shi ne?"

"Shi ne, Inno."

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Ya warke ma."

"Baɗi ke nan."

"Baɗi."

Tsohuwar ta miƙa mata wayar. Ta dubi kunyoyin, ta dubi sandarta, ta ce Allah ya nuna muna. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ƙwan zabi a 'yar ƙwarya, ta ce a kai wa Likita, wato Dokta Kamilu, ya sha wahala da dankalinta. Rifkatu ta sa hannu biyu ta karɓa.

Ta ce za ta tsaya ta taya ta wani abu, Inno ta ce ta tafi tun hanya na da mutane. Daga bakin darni Rifkatu ta waiwaya. Tsohuwar ta jingine sandar a jikin rijiya, ta ɗauko ragowar waken da ke gindin tukunya a gefen zanenta. Lokacin shuka ya ɗan wuce, amma wake ba ya fushi da wuri. Ta hau kan kunyar farko a hankali, ta danna dunduniya, ta jefa ƙwaya biyu, ta rufe da ƙafa, ta matsa gaba.